Katifa Ba Ɗaki Ba Ce

A zangunan Kumasi, damina tana zuwa da ambaliya, hunturu ya zo da gobara. Sai a kwashi mutane a zuba su a ajin makaranta ko harabar masallaci. Washegari manya su iso da katifu da bokitai da shinkafa, masu ɗaukar hoto na biye. Bayan mako biyu 'yan makaranta na son ajinsu, kowa ya san inda dare ya yi masa. Ni ban raina katifa ba, amma wanda ɗakinsa ya rushe, ɗaki yake nema.

Kada a ce mana babu kuɗi. A 2012 majalisa ta amince da bashin dala miliyan 200 don gina gidaje 5,000 a Saglemi. Kimanin 1,500 aka tayar, su ma suka yi shekaru ba mai kwana a ciki sai ƙadangaru. A nan kusa da mu, gidajen Asokore Mampong da aka fara a 2006 sai 2020 aka buɗe su. Wace mai sayar da koko a Tafo ce za ta iya mallakar ɗaya? An gina wa mai albashi, aka raɗa wa aikin suna gidan talaka.

Haka a Mepe, lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Akosombo a 2023, dubban mutane suka rasa muhalli, makaranta ta zama masaukinsu. Mai kwana a aji ba bene yake mafarki ba. Ɗaki da baranda, famfo da bayan gida, shi ke nan.

Abin da ya dace da mu tuni muna da shi: gidan haya mai tsakar gida, ɗakuna a jere, irin wanda ya rufa wa Kumasi asiri tun zamanin kakanni. Shi za a gina, a kan tudu, da magudanar ruwa ta ƙwarai. Cibiyar binciken gine-gine da ke Fumesua ta daɗe tana aiki a kan jan bulo da simintin da ake haɗawa da yumɓun ƙasar nan. Me ya hana Asusun Raya Zango, da aka kafa da doka a 2017, ya zuba kuɗinsa a nan, mutane su riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi?

Sai dai gini ba ya tsayuwa a iska. Ƙasar Asante a hannun sarakuna take, don haka dole a zauna da su a samu fili da takarda. Rikicin katangar maƙabarta a Tafo a 2016, wanda ya kai ga dokar hana fita, ya nuna mana abin da fili marar tabbas ke haifarwa.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma masu gidaje na neman na shekara biyu. Da yawansu sahu ɗaya muke yi da su a masallaci. Alhaji, wanda gobara ta bari da rigar jikinsa, ina zai samo kuɗin shekara biyu? Ka karɓi na wata-wata, ka bar wa gwamnati nata kason na kunya.

Zaɓe na tafe ko ba ya tafe, duk wanda ya zo Tafo da katifa, mu karɓa mu gode, sannan mu tambaye shi inda za mu shimfiɗa ta.