Tsufan ganye: Abin da ke tsakanin manomi da cikar rumbu

Duk shekarar da ruwan sama ya ɗauke da wuri a yankin Sahel, alamar farko da manomi ke gani ita ce ganyen dawa ya koma ruwan ɗorawa tun ƙwaya ba ta ƙosa ba. Da yake Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, wannan lamari ya shafi abincin miliyoyin jama'a.

Masana kimiyya sun daɗe da gano cewa bushewar ganye aiki ne da tsiro ke tsara wa kansa. Idan ganye ya tsufa, tsiron yakan warware sinadarin kulorofil mai ba shi launin kore, sannan ya kwashe naitirojin da sauran abinci ya tura su cikin ƙwaya.

Ƙwayoyin halittar gado ne ke ƙayyade lokacin da hakan zai fara. A shekarar 2009, masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna ORE1 na ƙara ƙarfi yayin da ganye ke manyanta, har ta kai shi ga mutuwa. Tun a 1995 kuwa, Susheng Gan da Richard Amasino na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun sa ganyen taba ya riƙa samar da ƙarin sinadarin saitokinin da zarar ya fara tsufa, sai ya daɗe yana kore.

Sai dai muhalli na iya gaggauta wannan agogo. Fari, da tsananin zafi, da ƙarancin taki, da inuwa duk suna sa ganye ya tsufa kafin lokacinsa. Idan hakan ta faru bayan dawa ta fid da kai, ƙwaya takan tsumbure, karan kuma ya yi rauni ya kwanta.

Wannan ne ya sa masu inganta iri suka mayar da hankali kan nau'in dawar da ganyenta ke daɗewa da korensa, musamman irin da ake kira B35, wanda asalinsa daga Habasha ne. Binciken Andrew Borrell da abokan aikinsa a Ostireliya ya nuna cewa irin wannan dawa ba ta cika yawan toho da ganye kafin fure ba, don haka takan bar ruwa a ƙasa wanda za ta sha lokacin cika ƙwaya. Cibiyar ICRISAT, mai tashar bincike a Sadore kusa da Yamai, na cikin waɗanda suka yi aikin shigar da wannan hali cikin wasu nau'o'in dawa. Makiyaya ma na da riba, domin ɗanyen kara ya fi busasshe amfani ga dabbobi.

To amma jinkirta tsufan ganye na da nasa farashi. A 2006, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun rage aikin wata ƙwayar gado mai suna NAM a cikin alkama. Ganyen ya ƙara fiye da makonni uku yana kore, amma furotin da zink da sinadarin ƙarfe na cikin ƙwayar suka ragu da fiye da kashi 30 cikin ɗari. Abincin ya maƙale a ganye, bai isa ƙwaya ba.

Ke nan aikin da ke gaban masana shi ne daidaita lokaci: ganye ya jure farin ƙarshen damina, sannan ya mutu a kan kari ya miƙa wa ƙwaya abin da ya tara. Ko da an samu irin da ya dace, sai ya isa hannun ƙaramin manomi tare da takin da zai iya saye, domin a gonar da ƙasarta ta gaji, yunwar naitirojin kaɗai ta isa ta tsufar da ganye.