Dokar Lantarki da Manomin Fadamar Kabi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yawuri zuwa Birnin Kebbi ya ga dogayen turakun ƙarfen nan da suke ɗauke da wayar lantarki daga Kainji. A tashar Birnin Kebbi ake rarraba wutar, wata ta nufi Sakkwato, wata kuma ta ƙetare iyaka zuwa Yamai, tun shekarar 1976. Amma fa manomin rani na fadamar Argungu, wanda shinkafarsa take ciyar da birane, da man fetur yake tayar da injin ban-ruwa. A ganina, laifin wannan al'amari yana cikin dokokinmu ne tun tushe.

Bari mu ɗan waiwaya. Dokar soja mai lamba 24 ta 1972 ita ce ta haɗe hukumar ECN da hukumar madatsun Kogin Kwara, aka sami NEPA, komai ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar 2005 ta wargaza NEPA, a 2013 kuma aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, Jihar Kebbi ta faɗa rabon kamfanin Kaduna. Lasisi da farashi da ribar mai jari, duk waɗannan dokoki sun yi musu dogon bayani. Masu ruwan da yake juya injunan kuwa, ba su sami ko gefen tabarma ba.

Ai kuwa muna cikin masu ruwan. Gulbin Rima, wanda ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, cikin Kwara yake zuba, daga nan sai tafkin Kainji. Sa'ad da aka gama madatsar a 1968, mutane fiye da dubu 40 aka tasa daga gidajensu. Tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawan ƙasar Yawuri suka bar tsibiran kakanninsu. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC don raya yankunan da madatsu suka shafa, ita ma sai da ta yi kusan shekara 10 a takarda kafin ta soma aiki. Ba na raina rijiyar burtsatse ko rigar ceto da take raba wa masu jirgin ruwa. Sai dai wannan taimako ne, ni kuwa maganar hakki nake yi, watau doka ta yanka wa ƙasar da ta ba da ruwa wani kaso na wutar da ba mai ikon tauye shi.

Wani zai ce ai an gyara. Gaskiya ne, a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, a watan Yuni kuma aka sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. To, amma Kainji tana nan a hannun Tarayya, tana kuma Jihar Neja. A watan Satumba na shekarar gobara ta kama tashar Birnin Kebbi, sai ga Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu lokaci guda, domin duk igiya ɗaya muke rataye da ita.

Saboda haka duk dokar da Majalisar Jihar Kebbi za ta yi aiki da ita, a auna ta da manomin fadama: shin ta sauƙaƙa wa ƙungiyoyin manoma kafa ƙananan tashoshin hasken rana su sayar wa junansu? Shin ta tanadi farashi na musamman ga ban-ruwa? In ba haka ba, NEPA ce kawai aka sake wa riga.

Mu ma 'yan Sashen Hausa muna da namu aikin. Da Turanci ake rubuta dokokin nan, manomi kuwa ba zai nemi hakkin da bai taɓa ji da harshensa ba. Ina roƙon malamanmu su sa fassarar Dokar 2023 cikin ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe, a kai gidan rediyo a karanta.