Ra'ayinmu: Wa Ya Taɓa Auna Ruwan Da Muke Sha?

A zangon da ya wuce, da damina ta yi nisa, kowa ya ga yadda kujeru suka riƙa zama babu kowa a ajujuwa. In ka tambaya a ce wane na gida, ciki ne. Wance tana asibiti, an ce taifot. Mu 'yan kulob ɗin jarida mun zauna mun yi wa kanmu wata tambaya, mun kuma yi wa manya da dama ita: yaushe rabon da a ɗebi ruwan rijiyar makarantar nan a kai shi awo? Har yau ba mu sami mai amsa ba.

A Islamiyya an koya mana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan daram. Amma lafiyar ruwan sha wani awo ne daban, domin ruwa kan yi garau kamar hawaye alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Malamin bayoloji ya nuna mana cewa ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta canza wa ruwa kala, haka ta taifot. Hanyarsu guda ce, daga bayan gidan mutum zuwa bakin wani. Ruwan sama ya wanke kashin da aka yi a fili ya zuba a rijiyar da ba ta da baki, ko masai ya tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiyar da ke kusa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ku je gida ku auna da taku. Wasunmu sun auna, ba su kai taku 10 ba. Ga guga da ake yar da shi cikin taɓo a sake zura shi, ga moɗa ɗaya da hannu hamsin ke tsomawa a randa.

Ba wasa ba ne. A 2021 mutane fiye da 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Jihar Sakkwato na cikin inda ta yi ɓarna.

Sai gurɓatar da ke zuwa daga fadama. Daga Tambuwal zuwa Kebbe noma ne abincinmu, ba mu ce a daina zuba takin zamani ba. Amma abin da shuka ba ta ci ba, ruwa ke wuce da shi ƙasa a matsayin sinadarin naitiret, wanda ke hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Mun sha ganin mai feshi ya gama aiki ya wanke tankinsa a rafin da mata ke ɗiba a ƙasa kaɗan, da kuma galan ɗin maganin ciyawa da aka mayar gorar ruwa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire waɗannan. Alif kuwa, laka kawai yake kwantarwa.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ya fi haka. A 2010 gubar dalma daga daka duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yawanci ta ƙura da ƙasa ta shiga jikinsu, amma dalma a ruwa ma ba ta da launi ba ta da wari.

To, akwai doka? Akwai. Tun 2007 hukumar SON ta fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, aka sabunta shi a 2015. Ya ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta E. coli, wadda ke nuna alamar kashi, a mililita 100 na ruwa. Naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Dalma kada ta wuce 0.01. NAFDAC ce ke ba masu fiya wata lamba. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Duka suna da kyau a takarda. Damuwarmu ita ce mai kuɗin sayen leda yana da hukumar da ke duba masa, mu masu guga da tuƙa-tuƙa, da mu ne mafi yawa, ba mu taɓa ganin wanda ya zo da kwalbar awo ba. An haƙa, an yi bikin buɗewa, an ɗauki hoto, shi ke nan.

Wani zai ce kakanninmu wannan ruwan suka sha suka tsufa. A tambaye su 'ya'ya nawa suka binne. A kuma tambaye su kurkunu, da ke hana mutum noman shekara. Da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyi masu kyau aka kore ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da ita.

Roƙonmu ga Malam Shugaban Makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai shi ne a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da RUWASSA ta jiha, a nemi a zo a auna ruwanmu sau biyu a shekara, da rani da tsakiyar damina. Kafin nan a yi wa rijiya murfi, a kafa sandar rataye guga, a sauya randunan ajujuwa da bokiti mai famfo. Mu za mu raba kanmu aji-aji muna wanke su duk Alhamis.

Mun bar fili a kusurwar dama ta allon nan, mun ja masa layi da jan biro. Nan za mu manna takardar sakamakon awon ranar da ta zo, da kwanan wata da sa hannun wanda ya auna.