Filin Kwamfuta: Me Ya Sa "Ƙasa" Ke Rikiɗa A Shafin Intanet?

Yau za mu duba wata matsala da masu karanta Hausa a intanet suka saba cin karo da ita. Sai a buɗe shafi a ga "Æ™asa" a inda ya kamata a ga "ƙasa", ko "É—aki" a madadin "ɗaki". Wasu kan ɗora wa wayarsu laifi, alhali wayar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana wurin wanda ya gina shafin.

Kwamfuta da lambobi take aiki, don haka kowane harafi yana da lambarsa a cikin wani jadawali. Jadawalin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, gurbi 128 ne da shi. A cikinsa babban A shi ne 65, ƙaramin a kuma 97. Don Turanci aka tsara shi, saboda haka babu gurbin haruffanmu masu ƙugiya.

A 1991 aka fito da Unicode, jadawalin da aka yi domin ya ɗauki rubutun duniya baki ɗaya. A nan ne ƙ ta sami lamba 409, ɓ ta sami 595, ɗ kuwa 599. Ita ma ƴ, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda muke rubuta 'y, lambarta 436.

To, ina gizo ke saƙar? Kwamfuta tana adana rubutu ne a ƙananan ma'ajiyai da ake kira bayit, kuma bayit ɗaya ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro tsarin UTF-8 a 1992, wanda ke raba babbar lamba zuwa bayit biyu ko fiye. A wannan tsari ana adana ƙ a matsayin 198 da 153. Idan burauza ta ɗauka cewa da tsohon jadawalin Windows-1252 aka rubuta shafin, sai ta karanta kowane bayit daban: 198 ya zama Æ, 153 ya zama ™. Ka ji asalin "Æ™asa".

Maganin ba shi da wuya. Mu adana fayil ɗinmu da tsarin UTF-8, sannan mu sa wannan layi a kan shafin HTML:

<meta charset="UTF-8">

Idan madannanmu ba su da ƙ, muna iya rubuta &#409; a cikin HTML, burauza za ta nuna harafin daidai. A yaren JavaScript kuwa, "ƙ".charCodeAt(0) zai ba mu 409, shi kuma String.fromCharCode(409) ya dawo mana da ƙ.

Sai mu yi hattara da wata tsohuwar dabara ta mai da ƙaramin harafi babba ta hanyar cire 32 daga lambarsa. Tana aiki ga a, domin 97 a cire 32 saura 65. Amma babban Ƙ lambarsa 408, babban Ɗ kuma 394, ka ga lissafin ya rushe. Gara mu rubuta "ɗaki".toUpperCase(), nan take za mu sami ƊAKI.

Wani zai ce, me zai hana a zubar da ƙugiyar a huta? Ai baƙi daban, baki daban. Wanda ya je fada ba lallai ne ya je faɗa ba. Gobe idan aka ba ɗayanmu aikin gina shafin duba sakamakon jarrabawa, akwai Ɗahiru da Ɗanladi da ke son ganin sunayensu kamar yadda iyayensu suka raɗa musu. Haruffanmu suna da gurbinsu a jadawalin duniya, saura mu mu riƙa amfani da su.

Ga aikin gida. Wace kalma ce wannan: 599, 97, 121, 97? A tuna cewa ƙananan haruffan Turanci suna bin juna ne a jere daga 97. A rubuto mana amsa tare da sunan makaranta. Sai mako mai zuwa, mu huta lafiya.