Kuɗin Lasin Talabijin: A Gyara Ko A Soke?

Gardama ta ƙi ƙarewa a Ingila a kan kuɗin lasin talabijin, watau abin da kowane gida mai kallo yake biya don ɗaukar nauyin BBC. An fara karɓarsa a 1946 a kan fam 2, a 2025 ya kai fam 174.50. Faransa kuwa ta soke nata tun 2022.

Masu neman sokewa suna da hujja. Talaka da attajiri kuɗi ɗaya suke biya, wanda ya ƙi a gurfanar da shi gaban alƙali, ga shi kuma samari sun karkata ga intanet.

Amma kafin a rushe rumbu, sai a san inda za a zuba hatsi. Gidan da ya dogara da talla, 'yan kasuwa ne iyayen gijinsa. Wanda ya dogara da baitulmali, sai abin da minista ya so. Tun 2014 kuɗin nan ke ɗaukar yawancin nauyin sassan ƙetare, har da Sashen Hausa da aka buɗe a 1957.

Lalle gyara ya fi sokewa. A rangwanta wa marasa ƙarfi, a daina kai su kotu, kafin wa'adin yarjejeniyar BBC ya cika a ƙarshen 2027.