'Yancin Murgu

A 'yan shekarun nan wata magana ta kama bakin ɗalibanmu, musamman waɗanda suka fara ɗanɗana littattafan mazhabobin adabi. Cewa suke yi wai batun 'yancin ruhu da ake wa'azinsa a majami'u ba kome ba ne illa lallami irin na 'yan mulkin mallaka, wanda aka ƙaga domin bawa ya haƙura da marinsa. A wurinsu 'yanci guda ɗaya ne, wato mutum ya yi abin da ransa ke so ba tare da wani ya ɗaga masa yatsa ba. Mun ji wannan magana a aji, mun ji ta a majalisun Tudun Wada da Fantami, kuma lokaci ya yi da za mu tanka.

Bari mu fara da kalmar kanta, tun da harshe ne sana'armu. 'Yanci daga "ɗa" ya samo asali, shi ya sa Sakkwatawa ke cewa ɗiyauci. Bahaushe ya yi amfani da kalma guda wajen kiran wanda aka haifa da kuma wanda ba bawa ba. Ashe a tunaninsa ɗa shi ne mai gida, mai dangi, mai gado, wanda ake iya dogara da maganarsa. Wanda ba ya jin kiran kowa kuwa, ba a taɓa ce masa ɗa ba, sunansa ɗan iska. Wannan ita ce ma'anar da ke cikin Bisharar Yahaya, sura ta 8, inda Yesu Almasihu ya bambanta matsayin bawa da na ɗa a cikin gida, ya kuma nuna wa masu alfahari da asalinsu cewa zunubi ma ubangiji ne mai bayi.

Tsakanin ɗa da bawa kuma kakanninmu sun san wani matsayi na uku. Akwai bawan da ubangijinsa kan sake shi ya tafi ya yi sana'arsa, ya kwana inda ya ga dama, bisa sharaɗin ya riƙa kawo wani abu da aka yanka masa. Wannan biya shi ake kira murgu. Idan ka gamu da mai biyan murgu a kasuwa ba za ka ga mari a ƙafarsa ba. Yana ciniki, yana dariya, yana sa tufafin da yake so. Amma ranar biya ba ta wucewa, kuma shi da ubangijinsa duk sun san ko na wane ne shi.

To, 'yancin da ɗalibanmu ke yi wa kirari, sau da yawa na murgu ne. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Mutanen Gombe sun ga 'yan Kalare a zaɓuɓɓukan 2003 da 2007, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninsu a rahotonta na 2007. A wancan lokaci wa ya fi waɗannan samari sakewa? Ba sa tsoron uba, ba sa tsoron mai unguwa, gari kan watse idan sun fito da adduna. Duk da haka ɗan siyasar da ke ba su na kashewa shi ke gaya musu inda za su kwana da wanda za su sara, ƙwaya kuma ita ke tashin su da safe. Babi na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowannensu cikakken 'yancin walwala, amma bai iya hana su kai murgu ba. Haka nan lokacin da Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, dokar ta rufe kantuna, ba ta kashe ƙishirwar da ke cikin masu sha ba. Kada kuma mai digiri ya yi wa waɗannan dariya. Malamin da ke sayar da maki, da ma'aikacin da ba ya iya ganin fayil sai an sa masa wani abu a ciki, su ma suna da ubangijin da suke kai wa murgu.

Abin da koyarwar Kirista ke faɗi ke nan: ana iya kwance wa mutum mari da doka, amma bautar son zuciya sai an fanshe shi daga gare ta. Kuma wanda aka fansa ba a sake shi ya bi iska ba, an mai da shi ɗa ne a cikin gida. Saboda haka Manzo Bulus ya gargaɗi Galatiyawa da kada su mai da 'yancinsu hujjar biye wa sha'awa, ya umarce su da yi wa juna hidima cikin ƙauna. Martin Luther ya gina ɗan littafinsa na 1520 a kan wannan tushe, yana nuna cewa mai bi ba ya ƙarƙashin kowa ta fuskar bangaskiya, amma ƙauna ta ɗora masa hidimar kowa. 'Yan'uwanmu Musulmi ba baƙin wannan zance ba ne, domin sun san yaƙi da son rai.

Masu sukar za su ce, ai da wannan wa'azi aka danne bayi a Amurka da tsibiran Karibiyan. Gaskiya ne an yi. Sai dai a dubi yadda aka yi. A 1807 an buga wani Littafi Mai Tsarki a Landan musamman domin bayin waɗannan tsibirai, aka cire labarin yadda Musa ya fitar da Isra'ilawa daga hannun Fir'auna, aka kuma cire ayar Galatiyawa da ta daidaita bawa da ɗa. Da a ce littafin maganin barci ne, me ya sa masu bayi suka ji tsoron a karanta shi cikakke? Ɓarawo ya fi kowa sanin inda makullin yake. A wannan shekarar ce kuma majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi, bayan gwagwarmayar da masu bi irin su William Wilberforce suka daɗe suna yi. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822, bai tsaya ga murnar an sake shi ba. Ya zama bishop a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana hidima a bakin kogin Kwara.

Ga kuma shaida ta kusa. Ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka sace 'yan mata fiye da 100 daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe, maƙwabciyarmu. Bayan wata guda aka dawo da mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu, kuma abokan karatunta sun ba da labarin cewa ta ƙi barin addininta ne. An miƙa mata walwala a kan farashin kalma guda, ta ƙi saye. Duk wanda ya ce abin da ta riƙe mafarki ne, sai ya gaya mana sunan abin da ya fi ƙarfin bindiga a wannan rana.

Amma fa kada masu wa'azi su ɗauka mun wanke su. Duk fasto da ya ce wa ma'aikacin da aka hana albashi ya yi shiru domin yana da 'yanci a ruhu, ya shiga sahun waɗanda suka yi wa littafin 1807 aski. 'Yancin zuci shi ke ba mutum ƙarfin duban azzalumi ido da ido, domin wanda ba a iya saye da kuɗi, ba a kuma iya razana shi da mutuwa, ba shi da igiyar da za a ja shi da ita. Ƙasarmu ta sami mulkin kai a 1960, Gombe ta sami jiharta a 1996, takardun 'yanci ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da ba su da murgun biya.

Don haka muna kira ga ɗalibanmu, Kirista da Musulmi, su riƙe haƙƙinsu na Babi na 4 da hannu biyu, kada su bar wa kowa ko ƙwayar zarra. Amma kafin mutum ya buga ƙirji ya ce shi ɗa ne, ya zauna ya lissafa inda kuɗinsa da lokacinsa da mutuncinsa suke tafiya kowane wata, ya ga ko hannun wa suke faɗawa.