An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Old Trafford

Ranar Lahadi 5 ga Maris, 2023, Liverpool ta yi wa Manchester United ci bakwai da nema a Anfield. An tafi hutun rabin lokaci da ci ɗaya tak, wanda Gakpo ya zura ana dab da hura usur. Da aka dawo sai abin ya ɓalle: Nunez biyu, Salah biyu, Gakpo ya ƙara tasa, Firmino ya taso daga benci ya cike ta bakwai. Rabon United da irin wannan kashi tun 1931, a hannun Wolves. Mako guda kafin nan kuwa ƙungiyar ta ɗaga kofin Carabao a Wembley bayan ta doke Newcastle.

Duk magoyin bayan da ransa bai ɓaci ba a wannan dare, a binciki goyon bayansa. 'Yan wasan sun cancanci faɗa, domin daga ci na uku suka saki hannu, suka daina bin abokan karawa, kowa na watsa hannuwa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Kocinsu Erik ten Hag da bakinsa ya ce abin da suka yi ba aikin ƙwararru ba ne. A kan wannan babu gardama.

Faɗana yau da ku ne, magoya baya. Shekara goma sha wani abu kuna fushi, kuma fushin bai tsinana muku komai ba, saboda kullum kuna sauke shi inda bai dace ba. Duk ranar da aka lallasa ku, kafin gari ya waye kun samo mutum ɗaya da za ku rataya wa laifin. A daren Anfield Bruno Fernandes ne, mai ɗaure da kambun kyaftin. Kafin shi Maguire, kafin Maguire kuma Pogba. Idan zagin ɗan wasa ya ishe ku sai ku koma kan koci: a kore shi, a kore shi. Kun bar jaki kuna dukan taiki, kuma masu ƙungiyar sun daɗe da gane cewa haka kuke.

Ku tuna yadda aka yi tun da Sir Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, ya bar muku kofin lig na 20. An ba David Moyes kwantiragin shekara shida, bai cika shekara ɗaya ba aka sallame shi. Louis van Gaal ya ci kofin FA a 2016, kwana biyu bayan nan aka nuna masa ƙofa. Mourinho ya tafi a Disambar 2018 bayan an doke shi a Anfield. Solskjaer ya ga Liverpool ta zuba masa biyar a Old Trafford a Oktoban 2021, mutane na ficewa daga fili tun wasa bai yi nisa ba, wata guda bayan haka Watford ta ƙarasa shi da huɗu da ɗaya. Ralf Rangnick, da ya riƙe ƙwarya, ya faɗa muku ƙarara cewa ciwon ƙungiyar ya wuce na shafa magani, sai an yi mata tiyata. Ba a saurare shi ba. Wasu cikin waɗannan mutane sun ci manyan kofuna a Sifaniya da Jamus da Italiya kafin su zo. Shin dukkansu ne suka manta ƙwallo ranar da suka taka Manchester? Hankali ba zai ɗauka ba.

Ciwon ya faro ne tun 2005, Ferguson na tsaka da ganiyarsa. A shekarar ne attajirin Amurka Malcolm Glazer ya sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790. Akasarin kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba. Rance ya ci, sannan ya ɗora bashin sama da fam miliyan 500 a wuyan ƙungiyar da ya saya, ƙungiyar da kafin zuwansa ba ta fama da bashi. Wato United ce ta biya kuɗin sayen kanta, kuma bayan shekara 20 uwar bashin na nan daram. Kuɗin tikitin da ma'aikaci ya tara, da kuɗin rigar da uba ya saya wa ɗansa, da kason haska wasa a talabijin, wani yanki nasu mai kauri wajen biyan kuɗin ruwa yake tafiya. Daga 2016 zuwa 2022 kuma an riƙa raba wa masu hannun jari riba duk shekara, a ci ko a sha kashi, kuma 'ya'yan Glazer ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Masu bin diddigin lissafin ƙungiyar sun ƙiyasta cewa abin da ya fice ta waɗannan hanyoyi ya haura fam biliyan ɗaya. Babu mai tsaron bayan da kurakuransa suka taɓa jawo wa United asarar da ta kama ƙafar wannan.

Wa aka damƙa wa ragamar harkar ƙwallo bayan Ferguson? Ed Woodward, tsohon ma'aikacin banki wanda ya taimaka wa iyalan Glazer wajen ƙulla cinikin nan na 2005. Ya iya kawo kamfanoni masu talla, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma a zamaninsa aka sayi Pogba fam miliyan 89, ɗan wasan da ya bar ƙungiyar kusan a kyauta a 2012, ya sake tafiya kyauta a 2022. Di Maria shekara ɗaya ya yi. Alexis Sanchez ya zo da albashin da ya rikita tsarin biyan kowa, ya tafi da ƙwallaye biyar. Ana kashe kuɗi, ƙwarai kuwa, sai dai babu mai tsara abin da ake son ginawa, kowane sabon koci ya tarar da tarkacen wanda ya gabace shi.

Ga kuma abin da ya fi ƙona mini rai: fushinku yana da farashi, kuma an san farashin. A Afrilun 2021 masu ƙungiyar suka sa hannu a shirin Super League a bayan idonku. Ranar 2 ga Mayu magoya baya suka kutsa Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Ban yarda da jifa da raunata 'yan sanda da wasu suka yi ba, amma a ranar kowa ya san sunan wanda ake tuhuma. Me ya biyo baya? A Agusta aka dawo da Cristiano Ronaldo, sai kowa ya ruga sayen riga mai lamba 7, zancen Glazer ya lafa. Wata biyu bayan haka aka sha biyar. A Agustan 2022 Brentford ta zura huɗu cikin minti 35, aka shirya gagarumar zanga-zanga kafin wasan Liverpool. A daren ne aka fito da Casemiro tsakiyar fili yana ɗaga wa jama'a hannu, kwanaki kaɗan kuma aka biya Ajax sama da fam miliyan 80 a kan Antony. Kuka yi ta tafi. Bayan shekara uku an sayar da Antony ga Real Betis a kan abin da bai kai sulusin kuɗinsa ba. Cinikin gaggawar da aka yi don a rufe muku baki, ku kuka yi masa guɗa, ku kuma kuka dawo kuna zagin yaron kamar shi ya yanka wa kansa farashi.

Zagin ma ya wuce gona da iri. A Afrilun 2022 aka aika wa Harry Maguire barazanar dasa bam a gidan da yake zaune da iyalinsa, sai da 'yan sanda suka je suka bincike gidan. Mutum ne mai ƙananan yara. Wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya shafe watanni yana yaɗa hotunan izgili a kansa yana da kaso a yanayin da ya haifi wannan aika-aika. Maguire bai sa wa kansa fam miliyan 80 ba, bai kuma hana gyara rufin Old Trafford ba, rufin da duniya ta ga ruwa na kwarara daga cikinsa a kan kujeru ranar wasan Arsenal a Mayun 2024. Filin da ya fi na kowace ƙungiya girma a Ingila bai samu shiga jerin filayen gasar Turai ta 2028 ba, na maƙwabtansu City ne ya shiga.

Da Sir Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙungiyar a farkon 2024, da yawanku kun ce an tsira. An tsawaita wa Ten Hag kwantiragi a Yuli, aka kore shi a Oktoba, aka biya shi diyya. An ɗauko Dan Ashworth daraktan wasanni, wata biyar aka rabu da shi. Wa ya biya kuɗin wannan kwan-gaba-kwan-baya? Ma'aikata 250 da aka sallama a zagayen farko, da yara da tsofaffin da aka soke wa rangwame aka ce su biya fam 66 kuɗin tikiti. Ƙungiyar ta ƙare wannan kakar a matsayi na 15 a teburi, ta rasa kofin Europa a hannun Tottenham a Bilbao. Iyalan Glazer kuwa na nan riƙe da rinjayen hannun jari.

Akwai waɗanda suka gane tun da wuri. A 2005 wasu suka haƙura da kujerunsu suka kafa FC United of Manchester, mallakin magoya baya. A 2010 wasu suka ɗaura gyale mai kore da ruwan zinare, launin Newton Heath, sunan ƙungiyar na asali, suka ɗaga murya alhali ana cin kofuna. Su ne ya kamata a mara wa baya, amma duk ranar da aka ci wasa biyu a jere sai a bar su su kaɗai, har a ce suna ɓata wa 'yan wasa natsuwa.

Mu ma da ke cika gidajen kallo a Kano da Kaduna da Maradi ba mu fita ba. Mu ne miliyoyin da ake nuna wa kamfanonin talla a karɓi kuɗinsu. Mukan kwana muna musu a kan wanda ya zubar da fenariti, abokai su ɓata, wani lokaci har a ba hammata iska, amma da wuya ka ji an ambaci Joel ko Avram Glazer, 'ya'yan Malcolm, a majalisa. Ranar da aka sake zuba muku biyar ko bakwai, ku yi fushinku, kuna da haƙƙi. Amma kafin ku zagi yaron da ya zame a gaban raga, ku tambayi wanda ya saye shi, da nawa, da kuma inda ragowar kuɗin suka tafi.